Nicolae Milescu, Ɗan Moldabiya da Ya Wakilci Sarkin Rasha a Fadar Sin

A watan Mayun 1676 wani ayari ya shiga birnin Beijing bayan tafiyar wata goma sha huɗu daga Mosko. Jagoran ayarin jakadan sarkin Rasha ne, amma shi kansa ba ɗan Rasha ba ne. Haifaffen Moldabiya ne, wata 'yar ƙasa da ke biyan gandu ga Sultan na Santambul. Wanda fadar Sin ta ba aikin yi masa tafinta shi ma ba Basine ba ne, limamin Katolika ne mai suna Ferdinand Verbiest, daga yankin da ke cikin Beljiyam ta yau. Sarkin da ke kan gado, Kangxi, ɗan ƙabilar Manchu ne, gidansu bai kama Beijing ba sai a 1644. Harshen da ya haɗa jakada da tafinta kuwa Latin ne, wanda babu wanda ya sha shi a nono cikin su biyun. Bugu da ƙari, sarkin da ya aiko jakadan, Alexei Mikhailovich, ya riga ya rasu tun watan Janairu, labarin ne bai iso ba tukuna.

Sunan jakadan ya danganta da wanda ka tambaya. A Romaniya Nicolae Milescu ne, a Rasha Nikolai Spafari, a takardun Latin kuma Nicolaus Spatharius. An haife shi a 1636 a yankin Vaslui, ya rasu a Mosko a 1708. Masu yabonsa sun fi son su kira shi matafiyin da ya bayyana wa Turai ƙasar Sin, suna jera shi da Marco Polo. A ganina wannan yabon ya sauka a inda bai dace ba. Abin da ya rubuta game da cikin ƙasar Sin shi ne mafi ƙarancin nasa na kansa a duk ayyukansa, jakadancin ma bai cim ma ko ɗaya daga manyan buƙatun da aka aike shi da su ba. Nauyin mutumin yana wani wuri dabam, kuma ba a gane shi sai an fara duba irin ƙasar da ta haife shi.

A ƙarni na 17 babu ƙasa mai suna Romaniya, wannan sai bayan haɗewar 1859. Akwai Moldabiya da Walakiya, masarautu biyu na Kiristocin Otodoks masu harshe ɗaya, kowacce da sarkinta, amma duka a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sultan ke tabbatar da sarki, shi ke tuɓe shi, kuma sarautar ta zama abin ciniki: wanda ya fi zuba kuɗi a fadar Santambul shi ke hawa. Daga 1653 zuwa 1668 kaɗai, aƙalla mutum bakwai suka zauna a gadon Moldabiya. Ga Poland a arewa, ga Tatar na Kirimiya a gabas, ga Austiriya a yamma, kowa na jiran dama. A irin wannan ƙasa gona da bayi ba su tsare bafade, domin sarkin da ya ba ka yau, magajinsa zai ƙwace gobe. Dukiyar da ba a iya ƙwacewa ita ce wadda ke cikin ka. Milescu ya tara irin wannan dukiyar tun yana saurayi a babbar makarantar fadar shugaban cocin Otodoks da ke Santambul, inda ya ƙware a Girkanci da Latin, ya ƙara da Turkanci da tsohon harshen Slabonik na coci.

Da ya dawo gida ya zama magatakardan sarki Gheorghe Ștefan. Wannan sarkin ya sa hannu a yaƙin da sarkin Transilbaniya ya kai Poland a 1657 ba da iznin Sultan ba, aka tuɓe shi a 1658. Milescu bai faɗi tare da ubangidansa ba. Ya koma hidimar sabon sarki, Gheorghe Ghica, ya bi shi zuwa Walakiya lokacin da aka mayar da shi can, a nan ne aka ba shi sarautar spătar, wato mai riƙe takobin sarki, wadda ta bi shi har kabari a matsayin suna. A zamanin Grigore Ghica, ɗan wancan, aka tura shi Santambul ya zama wakilin Walakiya a fadar Sultan daga 1660 zuwa 1664. Aikin wakili shi ne ya kasa kunne ya ji wa ke neman kujerar ubangidansa, ya san wane waziri za a gaisar da nawa, ya tabbatar gandu ya isa a kan kari. Makarantar siyasa ce mai tsanani, kuma wanda ya fito daga cikinta ya san cewa wurin da aka zaunar da kai, da wanda ya karɓi takardarka, da hannun da ya miƙo maka kyauta, duk magana ce. Za mu ga yadda wannan darasin ya yi masa amfani kuma ya cuce shi a Beijing.

Abin mamaki shi ne, a cikin wannan hayaniyar ya yi aikin da ya fi kowanne daɗewa. Tsakanin 1661 da 1664 ya fassara Tsohon Alkawari gaba ɗaya daga Girkanci zuwa harshen Romaniya, yana dogara da bugun da aka yi a Frankfurt a 1597. A lokacin harshen coci Slabonik ne, wanda talaka ba ya ji, limamai da yawa ma haddace shi kawai suke yi. An riga an buga Farawa da Fitowa a 1582, an buga Sabon Alkawari a Alba Iulia a 1648, amma babu wanda ya ɗauki sauran tulin littattafan annabawa da tarihi. Fassarar Milescu tana bin Girkancin sau da ƙafa har wani lokaci jimlar ta yi nauyi, amma ita ce ta tilasta wa harshen ya samo kalmomin shari'a da falsafa da bai taɓa buƙata a rubuce ba. Ya haɗa har da wata maƙala da ake jingina wa Josephus, tsohon marubucin tarihin Yahudawa, a kan rinjayen hankali bisa son zuciya, wadda masana ke ɗauka a matsayin rubutun falsafa na farko da aka buga a harshen. Wasu malamai, ciki har da 'yan'uwa biyu Radu da Șerban Greceanu, sun gyara aikin, ya shiga cikin cikakken Littafi Mai Tsarki na farko a harshen Romaniya, wanda aka buga a Bukares a 1688 a zamanin sarki Șerban Cantacuzino. Sunan Milescu bai fito a bugun ba. Sai a ƙarni na 20 masu bincike irin su Virgil Cândea suka bi diddigin rubuce-rubucen hannu suka tabbatar da rabonsa a ciki.

A 1664 Grigore Ghica ya juya wa Turkawa baya a yaƙinsu da Austiriya, ya gudu. Wakilinsa ba shi da sauran zama a Santambul. Milescu ya bi ta Berlin ya isa Stettin, inda tsohon ubangidansa Gheorghe Ștefan ke gudun hijira yana mafarkin komawa gado. Shi ya aike shi Stockholm a 1666, sannan Paris wurin Louis na 14 a 1667, neman goyon baya. Ba a samu komai ba sai kalaman ban-haƙuri, tsohon sarkin ya rasu a 1668 bai sake ganin Moldabiya ba.

Amma a Stockholm wani abu ya faru da ke nuna irin hajar da Milescu ke ɗauke da ita. A Faransa ana tafka muhawara tsakanin malaman Katolika na Port-Royal, Antoine Arnauld da Pierre Nicole, da limamin Furotesta Jean Claude, a kan ko gurasa da ruwan inabin jibin Ubangiji suna rikiɗa da gaske su zama jiki da jinin Almasihu ko alama ce kawai. Kowane ɓangare na son ya nuna cewa Kiristocin gabas suna tare da shi, musamman da yake tun 1629 an buga wata takardar aƙida a Geneva da sunan Cyril Lucaris, shugaban cocin Santambul, mai karkata ga Furotesta. Jakadan Faransa a Suwidin, Arnauld de Pomponne, ɗan ɗan'uwan Antoine Arnauld ne. Da ya ga ga mutumin gabas mai ilimi wanda zai iya bayani da Latin, sai ya roƙe shi ya rubuta matsayin cocinsa. Milescu ya rubuta ɗan littafi, aka buga shi a Paris a 1669 a cikin babban littafin malaman Port-Royal a matsayin shaida. Mai neman taimakon da bai samu ko soja ɗaya ba ya bar Turai ta yamma da suna a wurin malamanta.

Sai maganar hanci, wadda duk ɗan makarantar Romaniya ya sani. Marubucin tarihi Ion Neculce, wanda ya rubuta nasa shekaru da dama bayan abin, ya ce sarki Ștefăniță Lupu yana ƙaunar Milescu, suna ci tare suna karta tare, amma Milescu ya rubuta wasiƙu ya ɓoye a cikin sanda mai rami ya aika wa wani tuɓaɓɓen sarki a Poland yana kiransa ya zo da yaƙi. Wancan ya mayar wa Ștefăniță sandar da wasiƙun. Sarki ya zare wuƙarsa ya ba hauni ya ce a yanke masa hanci. Masana da yawa suna ganin lamarin ya fi dacewa da 1668, a zamanin Iliaș Alexandru, bayan dawowarsa daga Paris. Ko ma yaushe ne, ma'anar hukuncin ɗaya ce. Al'ada ce da aka gada daga Rumawan Bizantiya, cewa mai tabo a jiki ba ya sarauta. Ba a yanke wa magatakarda hanci don ya yi kuskuren rubutu, ana yanke wa wanda ake zargin yana hangen kujera ne. Daga nan aka laƙaba masa Cârnul, mai guntun hanci, kuma ƙofar mulki a ƙasarsa ta rufe.

Dositheos, shugaban cocin Kudus, shi ya buɗe masa wata. Sarkin Rasha na neman mutumin Otodoks mai harsuna, Dositheos ya ba da sunansa, a 1671 ya isa Mosko ya shiga ofishin jakadanci a matsayin tafinta, ƙarƙashin Artamon Matveev, wanda a lokacin ya fi kowa faɗa a ji a fada. Tsakanin 1672 da 1674 ya harhaɗa wa fada littattafai masu ado: ɗaya a kan ilimomi da ɗabi'u da aka jera bisa lissafi, ɗaya a kan dauloli huɗu na wahayin annabi Daniyel, ɗaya a kan shahararrun sarakunan duniya. Tattarawa ce daga littattafan Girkanci da Latin, ba ƙirƙira ba, amma ga Mosko ta wancan zamani sabon abu ne. Ya kuma koyar da ɗan Matveev, Andrei, wanda daga baya ya zama jakadan sarkin Rasha Peter Mai Girma a Holan da Ingila.

Me ya sa Rasha ke neman Sin? Dalili biyu ne, kuma suna cin karo da juna. Na farko ciniki: baitulmalin Mosko ya dogara ƙwarai da fatun dabbobin Saberiya, ana kuma son kasuwar da za ta saye su da azurfa da siliki. Na biyu iyaka: tun shekarun 1650 mayaƙan Kosak, 'yan bakin iyakar Rasha, suka kutsa kwarin kogin Amur suna karɓar harajin fatu daga ƙabilun da Manchu ke ɗauka talakawansu ne, suka kafa sansani a Albazin. A 1667 wani basarake na ƙabilar Tungus mai suna Gantimur, wanda ya taɓa karɓar muƙami daga Manchu, ya ƙaura da jama'arsa ya yi mubaya'a ga Rasha. A idon Beijing wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in aka bar shi, sauran sarakunan iyaka za su ga cewa ana iya sauya ubangida a zauna lafiya. Jakadan da aka aika kafin wannan, Fyodor Baikov, ya isa Beijing a 1656, ya ƙi yin gaisuwar fada, aka mayar masa da kyaututtukansa aka sallame shi. Matsalar harshe kuwa ta kai inda wasiƙar da Ivan Petlin ya kawo daga Sin a 1619 ta zauna babu mai iya karanta ta, sai a 1675 aka samu wanda ya fassara wa Milescu ita a Tobolsk. An zaɓi Milescu ne domin an san akwai limaman Jesuit, wata ɗariƙar Katolika da Verbiest ke cikinta, a Beijing, su kuma Latin suke ji.

Ya bar Mosko a Maris 1675 da mutum wajen 150. A Tobolsk ya zauna da Juraj Križanić, wani malami ɗan Kuroshiya da aka kora can, wanda ya tara bayanai a kan hanyoyin gabas. Daga watan Mayu ya bi ruwa: Irtysh, Ob, Ket, ya tsallaka zuwa Yeniseisk, ya hau Angara mai gangaren duwatsu, ya ƙetare tafkin Baikal a watan Satumba, ya bi ta Selenginsk ya isa Nerchinsk a Disamba. A duk tsawon hanyar yana rubutu kullum: sunan kowane kogi da ke shigowa daga dama ko hagu, nisan da ke tsakani, inda ake sauke kaya a ja jirgi da igiya, irin itatuwa da kifi, ƙabilun da ke zaune da abin da suke biya. Bayaninsa a kan Baikal, girmansa da zurfinsa da daɗin ruwansa, yana cikin cikakkun bayanai na farko da aka rubuta a kan tafkin. Wannan littafin hanya shi ne aikinsa na ido da ido, kuma a nan ne ya cancanci sunan mai bincike. Ba shi da daɗin karatu kamar labarin matafiya, domin ba don nishaɗi aka rubuta shi ba, an rubuta shi ne don ayari ko runduna ta gaba ta san inda za ta sa ƙafa.

Rigima ta fara tun kafin Beijing. A bakin kogin Naun wani babban jami'in Manchu mai suna Mala, daga hukumar da ke kula da al'amuran Mongol da ƙabilun iyaka, ya tarye shi ya ce a ba shi wasiƙar sarkin Rasha ya duba. Milescu ya ce wasiƙar sarki hannun sarki take zuwa. Aka yi makonni ana ja-in-ja. A Beijing aka ci gaba daga inda aka tsaya, har aka yi sulhu cewa zai ajiye wasiƙar a kan wani teburi a cikin fada, manyan jami'ai su ɗauka. Sai batun afi, wato durƙusawa sau uku da kai goshi ƙasa sau tara. A nan ya fi Baikov sassauci, ya yi, amma a gaggauce, ba yadda masu tsara bikin suka so ba. Kangxi ya karɓe shi, aka sha shayi, sarkin ya sa aka tambaye shi shekarun ubangidansa da ko ya karanci falsafa da lissafi. Inda tafiyar ta watse shi ne wurin karɓar tukuici. Aka ce ya durƙusa ya karɓi kyautar da za a kai wa sarkin Rasha, ya yi ƙememe, ya ce bawa ke karɓar kyautar ubangidansa a durƙushe, sarkinsa kuwa ba bawan kowa ba ne. Ya kuma nemi a nuna masa amsar wasiƙar da Latin kafin a rufe, don kada ya ɗauki takardar da ke kiran kyaututtukan Rasha gandu. Aka hana shi amsa gaba ɗaya. Buƙatu goma sha biyu da ya gabatar, ciki har da 'yancin ciniki, da aiko jakadan Sin Mosko, da sakin fursunoni, da aron maginan gada, babu wadda aka amsa a rubuce. Da baki aka gaya masa sharuɗɗa uku: a dawo da Gantimur, a kiyaye zaman lafiya a iyaka, kuma in za a sake aiko jakada a aiko mai hankali da zai bi al'adar fada. A farkon Satumba 1676 aka sallame shi.

An daɗe ana ɗora laifin a kan girman kansa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Rahotonsa da kansa yana nuna mutum mai son gardama, wanda ke jin ya fi abokan zamansa sani, mutanen ayarinsa ma sun kai ƙararsa bayan an dawo. Wanda ya yi shekaru a Santambul yana kallon yadda ake wulaƙanta wakilan ƙananan ƙasashe, yanzu ga shi da tutar babban sarki a hannu, ba abin mamaki ba ne ya riƙe ta da ƙarfi fiye da kima. Sai dai ko da an aiko mafi tawali'un mutane, sakamakon ba zai canza sosai ba. A Mosko, jakadan da ya bari aka rage ko kalma ɗaya daga laƙabin sarki yana iya fuskantar hukunci, saboda haka durƙuson da Beijing ke nema abu ne da zai biya da wuyansa a gida. Tsarin fadar Sin kuwa ba shi da gurbin sarki na biyu mai daraja ɗaya da nasu, duk mai zuwa da kyauta mai kawo gandu ne. Sannan abin da Kangxi ke so da gaske, Gantimur da Albazin, ba a ba Milescu ikon bayarwa ba. Shi ya zo maganar kasuwa, su suna maganar iyaka. Kangxi bai matsa ba a lokacin domin hannunsa na cikin wuta: tawayen manyan hakimai uku na kudu, wanda ya ɓarke a 1673, bai mutu ba sai 1681.

Ribar tafiyar ta fito ne ta bayan gida. Verbiest, wanda ke neman hanyar ƙasa da limaman ɗariƙarsa za su riƙa bi ta Rasha zuwa Sin maimakon doguwar tafiyar teku, ya riƙa tsegunta wa Milescu abin da ake faɗa a fada, har da cewa Manchu na da niyyar far wa Albazin in ba a dawo da Gantimur ba. Haka kuwa aka yi: an kewaye sansanin a 1685 da 1686. Da aka zauna sulhu a Nerchinsk a 1689, Fyodor Golovin a ɓangaren Rasha, limaman Jesuit biyu, Gerbillon da Pereira, suna tafinta a ɓangaren Sin, da Latin aka rubuta matanin da ɓangarorin biyu suka dogara da shi. Rasha ta bar Albazin, Gantimur ya zauna a Rasha, aka buɗe ƙofar ciniki. An kuma yi zaman ne a bakin iyaka, nesa da fada, inda babu gadon sarautar da za a durƙusa wa. Ita ce yarjejeniya ta farko da Sin ta ƙulla da wata ƙasar Turai, kuma hanyar Latin da ta bi, Milescu da Verbiest ne suka fara gwada ta shekara goma sha uku kafin nan.

Littafinsa na bayanin ƙasar Sin, wanda ya fi jawo masa suna, a nan ne ya kamata a rage murya. Milescu ya yi wata uku da rabi ne kacal a Beijing, mafi yawansu a tsare cikin masauki da masu gadi a ƙofa. Bai ga lardunan da ya bayyana ba. Kaso mafi girma na littafin fassara ce da taƙaitawa daga ayyukan Martino Martini, limamin Jesuit ɗan Italiya, musamman littafin taswirorinsa da aka buga a Amsterdam a 1655 da tarihinsa na yaƙin Manchu. A mizanin zamaninsa wannan ba sata ba ce, haka ake harhaɗa littattafai, kuma ya ƙara nasa a kan hanyoyin arewa da Martini bai sani ba. Amma Turai ta yamma ta riga ta karanta Martini. Waɗanda littafin ya buɗe wa ido su ne masu karatu da Rashanci, sai kuma Girkawa da suka kwafe shi da hannu. Aikin dillali ya yi, ya ɗauko haja daga kasuwar da take ya kai inda babu ita, kuma kusan duk rayuwarsa haka take: Girkanci zuwa harshen Romaniya, aƙidar gabas zuwa Paris, ilimin Latin zuwa Mosko.

Ya dawo Mosko a Janairun 1678 ya tarar da duniya ta juya. Sabon sarki Fyodor na kan gado, an kori Matveev zuwa Pustozersk a can ƙuryar arewa, kuma cikin tuhumar da aka yi masa har da cewa shi da Milescu sun karanta baƙin littafin tsafi suna kiran aljanu. A Mosko ta lokacin, baƙo mai littattafan da ba a iya karantawa bai yi nisa da zargin maita ba. An bincike shi, ya sha da ƙyar, ya koma teburinsa na tafinta. Matveev kuwa an dawo da shi a 1682, 'yan kwanaki kaɗan bayan isowarsa sojojin fada masu bore suka kashe shi. Wannan ne karo na uku ko na huɗu da ubangidan Milescu ya faɗi shi ya tsira, kuma dalilin bai canza ba: duk wanda ya hau yana buƙatar mai karanta masa wasiƙun Girkanci da Latin.

Shekaru talatin da suka rage masa ba su da armashin tafiyar Sin, amma a siyasar yankinsa sun fi ta tasiri. Ta hannunsa wasiƙun Dositheos da na sarakunan Walakiya, irin su Constantin Brâncoveanu, ke isa fadar Mosko, yawancinsu a asirce, suna kira ga Rasha ta zo ta 'yantar da Kiristocin Otodoks daga Turkawa. Ya raka Peter yaƙin Azov a 1695. Bai ga ƙarshen wannan fata ba. Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1711, sarkin Moldabiya Dimitrie Cantemir, wani malamin da ya fi shi zurfi a rubutu, ya haɗa kai da Peter, Turkawa suka ritsa su a bakin kogin Prut. Cantemir ya ƙare a gudun hijira a Rasha, an fille kan Brâncoveanu da 'ya'yansa maza huɗu a Santambul a 1714, Sultan kuma ya daina amincewa da sarakuna 'yan ƙasa, ya koma naɗo Girkawan unguwar Fanar su mulki masarautun biyu har 1821. Ba Milescu ya jawo wannan ba, amma yana cikin waɗanda suka share hanyar dogaro da Mosko, kuma hanyar ta yi wa ƙasarsa tsada.

Rubuce-rubucensa na Saberiya da Sin sun yi shekara ɗari biyu a rubutun hannu. An buga littafin hanyar a Saint Petersburg a 1882, bayanin Sin a Kazan a 1910, sannan John Baddeley ya fitar da manyan sassa da Ingilishi a 1919. Tun daga nan ake rabon gadonsa. Romaniya na riƙe da mai fassarar Tsohon Alkawari, ɗakin karatu na gundumar Vaslui ma sunansa yake ɗauke da shi. A Jamhuriyar Moldova akwai gunkinsa a layin manyan marubuta da ke Chișinău, a zamanin Tarayyar Sobiyet kuma an yi amfani da shi a matsayin shaidar tsohuwar abotar Moldabiya da Rasha. Rasha na lissafa shi cikin jakadunta da masu binciken Saberiya, Girkawa na nuni da asalin mahaifinsa da harshen da ya yi karatu da shi. Sunan Milescu ma daga Neculce aka samo shi, shi da kansa da sarautarsa yake sa hannu. Wani reshe na danginsa ya zauna a daular Rasha, daga cikinsa aka haifi Ilya Mechnikov a kusa da Kharkiv a 1845, masanin da ya raba kyautar Nobel ta likitanci da Paul Ehrlich a 1908 saboda bincikensu a kan garkuwar jiki.